Daga Murhu Zuwa Gona: Tattalin Muhalli a Rayuwar Yau da Kullum

Gabatarwa

A da, in an ce muhalli, ba a nufin kome sai mazauni, watau wurin da mutum ya kafa gida ya zauna da iyalinsa. Daga baya ne ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ta ƙunshi ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobi, da dukkan abin da rayuwar ɗan Adam ta rataya a kansa. Ita kuwa kalmar tattali tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Ana tattalin yaro, ana tattalin dabba, ana tattalin dukiya, kuma a ko'ina ma'anar ɗaya ce: a lallaɓa abu, a ci moriyarsa ba tare da an kashe shi ba.

Galibin abin da ake rubutawa a kan tattalin muhalli daga Turai da Amurka yake fitowa, inda damuwar mutane ita ce yawan motoci, da ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, da sayen kayan da ba a bukata. Shawarar da ta dace da mazaunin Landan kuwa ba lalle ne ta yi wa mutumin Gumel ko na Tasawa amfani ba. A ƙasar Hausa, wuraren da hannun talaka yake taɓa muhalli kullum safiya su ne murhu, da gona, da juji, da kuma inda ake ajiye abinci. Waɗannan wurare ne wannan maƙala za ta bi ɗaya bayan ɗaya.

Murhu

Murhun gargajiya duwatsu uku ne, a ɗora tukunya a kai, a tura itace ta tsakaninsu. Sauƙinsa ne ya sa ya daɗe, domin ba a sayensa, kuma yana ɗaukar kowace irin tukunya. Amma masu awon zafi sun nuna cewa abin da ke shiga tukunya daga zafin wutar irin wannan murhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran duk iska ce take kwashewa ta gefe. Watau ke nan, in mace ta sayi itacen ƙulli goma, ƙulli ɗaya ko ɗaya da rabi ne ya dafa mata tuwo, ragowar tsakar gida ta ɗumama da shi.

Asarar ba ta tsaya ga itace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya. Wanda ya fi shaƙar hayaƙin madafa kuwa an san shi: mai girki ce, da goyon da ke bayanta.

Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne murhun laka mai rufaffen gefe. Ana kwaɓa yumɓu da kashin jaki ko na shanu da ɗan ƙaiƙayi, a bar shi ya kwana biyu ya tsumu, sa'an nan a gina shi zagaye da duwatsun nan uku daidai da girman tukunyar da za a riƙa ɗorawa, a bar ƙofa ɗaya ta tura itace, da 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin bango da cikin tukunya don harshen wuta ya riƙa lasarta yana fita. Aibinsa biyu ne: kowace tukunya da nata murhu, kuma in ruwan sama ya dake shi ko ya tsage, sai an yi masa yaɓe. Wannan ne ya sa a wurare da yawa aka gina irinsa lokacin da ma'aikatan raya karkara suke zuwa, da suka daina zuwa kuma aka koma wa duwatsu uku.

Akwai kuma ƙananan ɗabi'u da ba su bukatar ko kwabo, waɗanda tsofaffin mata suka sani tun kafin a rubuta su a littafi: a yi girki da busasshen itace, a faskara shi ƙanana, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun da dare, a tanadi kayan miya kafin a hura wuta, in an sauke kuma a janye bakin wuta a kashe don gobe. Gawayi kuwa, wanda matan birni suka fi so saboda ba ya baƙanta tukunya, yaudara gare shi. A yadda ake toya shi cikin rami a rufe da ƙasa, sai an ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma masu toyawar manyan itatuwa masu tauri suke nema, irin su kirya da marke, waɗanda suke shekaru kafin su girma. Da aka janye tallafin kananzir a Nijeriya a 2016, sa'an nan farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabi tsakanin 2021 da 2024, gidaje da yawa da suka riga suka bar itace sun koma wa gawayi. Ba a zargin mai gida da wannan, domin aljihu ne ya yanke hukunci, amma daji ne ya biya.

Itacen Gona

Tsimin itace a madafa rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne inda itacen zai fito, kuma a nan ne manoman kudancin Jamhuriyar Nijar suka yi abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani.

Tun zamanin mulkin Faransa, musamman bayan dokar gandun daji ta 1935, itatuwa masu daraja sun zama a hannun hukuma, ko da kuwa a gonar mutum suka tsiro. Dokar da Nijar ta yi a 1974 ba ta sauya wannan ba sosai. Manomi yana iya shan tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa in ya sare reshe ba da izini ba. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai ya zama da zarar tsiro ya ɗago kai, a fyaɗe shi tun bai zama abin magana ba. Daɗin daɗawa, malaman gona na wancan lokaci suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba saiwa, yadda garmar shanu za ta wuce ba cikas. Da farin farkon shekarun 1970 ya zo, aka kuma sake yin wani a 1984, sai ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Iska takan binne shuka da rairayi ko ta yanke ta tun tana ƙarama, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina ɗaya. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itace, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, watau abincin da ƙasa take jira.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa, kuma a 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kountché. An kafa gandayen renon itatuwa, an kashe kuɗi masu yawa, an dasa miliyoyin 'ya'yan itace, galibinsu baƙi irin su turare da dogon yaro. A wasu wurare abin ya yi kyau, kamar layukan dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya ta jihar Tawa a 1975 don tare iska. Amma a mafi yawan wurare dashen bai kai bazara ba: rana ta ƙona, gara ta ci, awaki suka ƙarasa.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da wani abu da ke gaban idon kowa. 'Yan kurmin sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne. Tofo ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwoyinsu suke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun nutsa har inda laima take. Dashen da aka ɗauko daga gandu sai ya yi fama kafin ya kafa saiwa, alhali shi wannan tofo ya gaji saiwar babban itace, abin da kawai yake bukata shi ne a daina sare shi.

Hanyar da aka bi, wadda manoman Nijar suke kira sassabin zamani, ba ta da wuya. In manomi ya zo sharar gona da bazara, sai ya zaɓi kututturan da yake so ya raya. A kan kowane kututture akwai tofo da yawa, wani lokaci fiye da ashirin, suna gasar abinci ba wanda yake girma. Sai ya bar uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran, ya kuma rage ƙananan rassan waɗanda ya bari har zuwa rabin tsayinsu. Ana so wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, a kuma yi yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Wasu sukan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san wannan itace yana da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa. Abin da aka yanke ya zama itacen girki, ganyen ya zama taki. Cikin shekara biyu ko uku sai ga sanda ta isa dirka ko ƙotar fartanya, manomi ya sare ɗaya ya bar sabon tofo ya maye gurbinta.

Da fari mutane sun ɗauki abin wauta, don wanda ya bar itace a gona ana ganinsa rago ne. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, sa'ad da aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a ƙauyuka kimanin ɗari. Abin lura shi ne, da rabon ya ƙare, an sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka raya. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci a gonakinsu, maƙwabta kuma suka gani, daga nan abin ya riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi ba tare da an biya kowa ba. Hukuma ita ma ta sassauta: aka yi dokar karkara a 1993, aka sake dokar gandun daji a 2004, sa'an nan a watan Yuli na 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raya a gonarsa.

Bayan shekara ta 2000, masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga. Ƙiyasinsu shi ne an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ƙarin hatsin da ake samu saboda haka ya kai wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka a feƙo a zuba taki a yi shuka a ciki, wadda a Nijar ake kira tassa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka baƙo ne ya koya wa Bahaushe darajar itace. A yankin Matamaye da Magarya da Mirya, inda mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, manoma da kansu suka cika gonakinsu da gawo ba tare da wani shiri na waje ba. Gawo kuwa itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: yana kaɗe ganye da damina, lokacin da gero yake bukatar rana, ya yi kore shar da rani, lokacin da dabbobi suke neman inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani yake bayarwa, ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin shuka, dabbobin da suka taru suna cin 'ya'yansa kuma suna barin kashinsu a gindinsa. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kaurin zangarniya. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo a ƙarni na 19.

Wahalar sassabin zamani ba a yankan take ba, a tsaron take. Itacen da mutum ya yi shekara uku yana reno, ɓarawo yana iya sare shi a dare ɗaya, ko makiyayi ya datse rassansa don dabbobi. Shi ya sa a ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye aka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, aka yi ƙa'idoji da tara da kowa ya yarda da su. Inda babu irin wannan yarjejeniya, mutum ɗaya ba ya iyawa. Haka kuma inda tarakta ta tumɓuke kututture duka, babu abin da zai yi tofo, sai dai a jira irin da ke cikin kashin dabbobi ya tsiro.

Juji

Baƙon da ya shiga Kano shekaru sittin da suka wuce zai ga jerin jakuna suna shiga birni da itace da safe, suna fita da mangala cike da taki. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda wannan musaya ta sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Wani binciken da aka buga a 1990 a kan itacen girki a Kano ya nuna cewa yawan itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin bai ragu ba tsakanin 1972 da 1985, duk da fari biyu da aka yi, domin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo duk suna da masu su.

Dalilin da ya sa sharar birni ta zama taki shi ne kusan duk abin da ke cikinta mai ruɓewa ne. Gidan Bahaushe na da bai cika zubar da abu ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, na gindin tukunya ƙanzo ne, dusa da ƙasari na dabbobi ne, toka ana tace ta a yi miya ko sabulu, kara ya zama danga, ƙwaryar da ta fashe a ɗinke ta, in ta ƙi ɗinkuwa ta zama sakaina. Abin da ya rage bayan wannan duka, watau toka da kashin awaki da ɓawo, shi ne yake tafiya juji, daga juji sai gona.

Leda ce ta ɓata wannan tsari. A da mai ƙosai a ganye ko takarda take ƙunshewa, mai zuwa cefane da kwandonsa ko ƙwaryarsa yake tafiya, mai sayen mai da kwalbarsa. Yanzu tumatirin da bai cika tafin hannu ba sai an sa shi a leda, a kuma sa ledar a cikin wata. Ita kuwa ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanar ruwa har unguwa ta yi ambaliya, ta tara ruwan da sauro zai yi ƙwai. Dabba in ta haɗiye ta sai ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba, kuma mahauta sun saba ciro ta tuli guda. In an kai takin birni gona, sai manomi ya sa yara tsince leda kafin a baza. In an ƙona ta kuma, hayaƙin guba ne, ga shi wasu matan da ita suke hura gawayi. Ruwanda ta hana amfani da ita a 2008, Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani. Nijar ma ta yi doka a 2014, amma wanda ya shiga kasuwa ya san doka a takarda daban take da doka a aikace.

Abin da gida ɗaya zai iya yi a nan bayyananne ne. A koma wa kwando da jakar cefane, a tafi sayen koko ko fura da kwano mai murfi. A raba shara biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa a tara ta a rami a bayan gida ana yayyafa mata ruwan wanke-wanke har ta zama taki, ƙarfe da roba da kwalba kuwa a ajiye wa 'yan jari-bola. Waɗannan samari, da ake yi wa kallon raini, su ne suke yin aikin da a wasu ƙasashe hukuma take kashe kuɗi a kansa. Daga hannunsu ne tsohon alminiyam yake isa wurin masu zubin tukwane, gwangwani ya zama fitila ko mazurari, tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga.

Ajiyar Abinci

Abincin da ya lalace kafin a ci shi, an yi asarar ruwa da taki da gumin da aka zuba wajen noma shi. Hausawa sun daɗe da maganin wannan ta hanyar shanya: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, kilishi. Abin da ya gagara shi ne ajiye ɗanyen kayan lambu a inda babu lantarki.

A shekarun 1990 wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki hikimar randa ya faɗaɗa ta. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, dalili kuwa shi ne jikin randa yana tsattsafo, iska tana busar da tsattsafon, bushewar kuma tana tafiya da zafi. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya zuba kayan lambu a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautar da kan yi yaushi a kwana uku sai ta kai kwana 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. Ya sa magina suka yi dubbai ya rarraba a ƙauyuka, aka kuma ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Wani amfanin da ya ambata shi ne, in kayan lambu ba sa lalacewa da wuri, ba tilas ne a tura yarinya talla kullum don a rabu da su ba, sai ta sami zuwa makaranta.

Ita ma wannan tukunya tana da sharuɗɗanta. Dole a ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, a ɗaga ta daga ƙasa in da hali, a kuma jiƙa yashin sau biyu a rana. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska take a bushe. A tsakiyar damina, da iska ta cika da laima, sanyinta yakan ragu ƙwarai. Ba a ajiye nama ko kifi ko maganin asibiti a cikinta, ba a kuma sa albasa, domin ita albasa busasshen wuri take so.